Zauren da Ba Zan Faɗi Garinsa Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da gwaggona, ƙanwar babanmu. Umma ta rako mu har bakin titi tana tofa min addu'a a ka, kamar wadda za a shiga da ita ɗakin tiyata. Masu tambayata a shafin nan me ya sa na yi shiru kwana biyu, ga amsarku. Ƙasar Birnin Gwari na je. Na dawo lafiya, alhamdu lillahi, amma har yanzu in babur ya wuce ta bayan ɗakinmu sai gabana ya yanke ya faɗi.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Tun da na gama sakandare nake aiki a shagon buga takardu. A can na haɗu da wata mata mai zanen gine-gine, wadda take fitar da 'yar mujalla da Hausa a kan gini: gidajen ƙasa, tsofaffin masallatai, rumfunan kasuwa, duk abin da aka ɗora da hannu. Ta kawo rubutu in buga mata, ni kuma na gyara mata kurakuran rubutun ba tare da ta sa ni ba. Daga nan ta ɗauke ni ina duba rubutun wasu kafin ya fita. Ita ce editarmu, Anti muke ce mata. To amma ni ba na son in tsufa a kan gyaran aikin wasu, so nake in rubuta nawa. Na yi ta naci har ta gaji ta ce in kawo mata gini ɗaya da ba a taɓa rubutu a kansa ba. In ya yi, ta ba ni gurbin marubuciya. In bai yi ba, in koma kujerata, kar in sake tayar mata da maganar.

Gwaggo ta yi zaman aure a wani ƙauye na ƙasar Birnin Gwari kafin mijinta ya rasu ta dawo Kaduna. Tun muna yara take ba mu labarin wani zaure a can, wanda in namiji ya ɗaga kai ya kalli rufinsa sai hularsa ta faɗi. Shi na zaɓa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, in kun karanta za ku gane dalili.

Anti tana da tsarin aikinta, ba ta wasa da shi. A wurinta haramun ne ka rubuta "ginin yana da kyau". Ka ɗauki mai karatu ka shigar da shi ta ƙofa, ka zaga da shi, ka fitar da shi. Ka auna, ka ɗauki hoto, ka zana yadda gidan yake a kwance. Ana gobe za mu tafi ta turo min saƙon murya tana sake jaddada min duk wannan, ta kuma ba ni aron tef ɗinta na awo.

A tashar Mando motar ta cika da wuri, amma direba ya ƙi tashi sai da rana ta fito sosai, wasu motocin ma suka cika, aka jeru. Ba a shiga hanyar nan mota ɗaya. Kuɗin mota kuwa Gwaggo ta yi ta mita a kansa, ta ce a zamaninta da wannan kuɗin sai ka je Kano ka dawo da tsaraba. Aka matse mu a baya da wata 'yar kasuwa mai jiki da buhun taki a ƙarƙashin ƙafafunmu. Wani dattijo a gaba ya ja addu'ar tafiya, ban taɓa jin an amsa amin da ƙarfi haka a cikin mota ba.

Har Buruku ana hira. Muna wucewa sai hirar ta mutu da kanta, direba ya kashe rediyo, waya ta daina kamawa. Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsayi, ta rufe hanya dama da hagu. Ni da na saba jin haushin rami saboda girgiza, ranar na gane a hanyar nan ba girgizar ake tsoro ba, rage gudun ake tsoro. Duk inda direba ya taka birki sai ka ga kowa ya juya yana leƙen ciyawa. Shingen sojoji kuwa, da buhunan yashinsu, shi ne kaɗai wurin da na ji numfashina yana sauka har ciki.

'Yar kasuwar nan tana ta ɓare gyaɗa tana ce min in kwantar da hankalina, yanzu ai an samu sauƙi, kowane mako tana bin hanyar. Ba ta rufe baki ba sai ga babur ya ɓullo daga cikin ciyawa da mutum uku a kai. Gyaɗar ta watse a cinyata, ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga. Da muka matso sai muka ga na tsakiyar ba mutum ba ne, akuya ce aka rungume. Motar ta fashe da dariya, irin dariyar da ke fita da hawaye.

Bayan Udawa na fara ganin abin da ya fi ciyawar tayar min da hankali. Ƙauyuka a bakin hanya, ba kowa. Gidan ƙasa in ba a yi masa yaɓe kafin ruwa ba, narkewa yake kamar sabulu. Na ga katangu sun zauna, rufi ya rufta, kabewa ta hau kan abin da a da ɗakin wata ne. A wasu wuraren kuma an fara dawowa, ka ga sabon jinka ɗaya a tsakiyar kufai, da shanya a kan igiya.

Cikin garin Birnin Gwari ya ba ni mamaki. Na zata zan tarar da gari a tsuke, sai na tarar da hayaniya: ana loda buhunan masara da waken suya, ga doya tuli-tuli, ga matan Gbagyi da kaya a kafaɗa, ga matan Fulani da ƙoren nono. Muka sha fura mai tsami da sanyin ƙwarya, mai araha ƙwarai in aka gwada da ta Kaduna, na sayi gasasshiyar masara da ban iya cinyewa ba. Daga nan zuwa ƙauyen sai a babur. Ni da na taho ina tsoron babura, ga ni a bayan ɗaya, ina riƙe da mayafin Gwaggo kamar 'yar goye.

Kafin azahar muka isa. Mai zauren tsohon magini ne, Baba kowa ke ce masa, siriri, da ƙasa a ƙarƙashin farcensa wadda na tabbata ba ta fita. Ya gane Gwaggo nan take, aka yi ta gaisuwa. Da ta tambayi mutanen da ta bari, sai jerin ya zama wane ya rasu, wane an ɗauke shi bai dawo ba, wance ta koma Funtuwa. Gwaggo ta share ido ta ce ba za ta iya zama ba sai ta zaga gaisuwar mutuwa gida-gida. Ta bar ni wurin Baba. Abin da ba mu sani ba, ni da ita, shi ne yanzu a garin baƙo ba ya zama sai an fara kai shi wurin mai unguwa da 'yan sa-kai sun san da zuwansa. A zamaninta babu wannan. Baba kuma ya ɗauka mun riga mun biya ta can.

Jama'a, zauren nan. Daga waje ba komai ba ne, tulin jar ƙasa ne da ƙaramar ƙofa. Kana shiga sai sanyi ya tarye ka kamar an buɗe randa. Bakuna ne, wato ginshiƙan ƙasa masu siffar baka, suka taso daga jikin bango ta kowane gefe, suka lanƙwasa suka haɗu a can sama, yadda igiyoyi ke haɗuwa a kan gugar rijiya, shi ya sa ake ce wa irin rufin ɗaurin guga. Tsakanin bakunan an jera azara, wato tsagin itacen giginya, wata ta kwanta nan wata ta gitta can, sun yi baƙi sumul saboda shekaru. Babu ƙusa ko ɗaya. Baba ya ce mahaifinsa ne ya ɗora shi, shi yana miƙa ƙasa, kuma tun daga lokacin bai taɓa bari damina ta same shi ba yaɓe ba, har shekarun da rabin gari ya gudu. Na tambaye shi ko har yanzu ana kiransa irin wannan aikin. Ya yi murmushi ya ce yanzu kowa bulo da kwano yake so, aikin da ake kiransa a kai daban ne. Bai ƙara ba, ni ma ban bi ba, hankalina yana sama.

Da aka kira salla ya ce wa surukarsa, matar ɗansa, ta bar ni in duba abin da nake so, ya tafi masallaci. Na zaro tef. Na auna kaurin bango, na auna faɗin ƙofa, na shiga cikin gida ina ɗaukar hoto: ɗakuna, rumbuna, madafa, inda ruwan sama ke bi ya fita. Tsoron hanya duk ya sake ni, ina jin kaina ma'aikaciya. A wani lungu, da ba zan ce gabas ko yamma ba, na lura da yaɓen da ya fi na kewayensa sabunta. Na matsa. An huda katangar daga ƙasa, daidai yadda mutum zai wuce a durƙushe, an kare wurin da kyau yadda in ba kana neman bambancin launin ƙasa ba, ba za ka gani ba. Wallahi daɗi na ji. Na ce ga abin da Anti za ta so. Na ɗauka ta kusa, na ɗauka ta nesa, na sa tef. Sannan na juya wurin surukar, tana daka, na ce, "Yaya, wannan ƙofar ina take fita? Duk gidajen layin nan suna da irinta?"

Ta tsayar da taɓarya a sama. Ta kalle ni, ta kalli wayar, ta kalli tef. Ta ajiye taɓaryar, ta saɓi ɗanta, ta fice.

Ina nan tsaye ina tunanin ko na yi rashin kunya ne, sai ga maza sun shigo da bindigogin toka. 'Yan sa-kai ne. Babbansu mutum ne mai matsakaicin shekaru, mai sanyin murya, kuma sanyin nan ya fi tsawa firgita ni. Ya ce in taho zaure. A kan tabarmar da na zauna ɗazu ina yaba rufi, nan aka zaunar da ni, ya miƙo hannu na ba shi wayar.

"Malama, mene ne aikinki?"

"Rubutu nake yi a kan gine-gine."

"A kan gini." Ya juya ya kalli na bayansa. "Akwai irin wannan aikin?"

Ɗaya ya ce shi dai bai taɓa ji ba. Babban ya yi ta wuce hotuna da babban yatsa: ƙofar gida, rumbuna, ɗakin mata, lungun nan, lungun nan, lungun nan. Ya ce wa ya aiko ni. Na ce editarmu, in ya yarda a kira ta. Ya ce a garin nan sai an hau dutse ake samun waya. Garin neman sunanta ya kai kan saƙon muryar, ya danna. Muryar Anti ta cika zauren, tar-tar, cikin fara'arta:

"Ki tabbata kin gano duk ƙofofin gidan, ta shiga da ta fita, kar ki bar ko ɗaya. Ki auna kaurin katanga. Ki ga ɓangaren da mata suke, da inda ake ajiye hatsi. Ki zano min shi yadda ko wanda bai taɓa zuwa ba zai iya shiga ya fita."

Na saurari saƙon nan ya fi a ƙirga kafin ranar, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ƙofar zaure ta riga ta cika da mutane, haske ya toshe. Daga baya na ji wata murya ta ce infoma ce. Na san abin da ake yi wa wanda aka kira da sunan nan, kowa ya sani. Na so in yi bayani, abin da ya fito kawai shi ne, "Don Allah, don Annabi." Na tuna Umma a bakin titi.

Sai ga Gwaggo ta ratso mutane, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi a hannu.

"'Yar wana ce! A hannuna aka yanke mata cibiya! Kai, ba kai ne ɗan mai ƙosai ta bakin rijiya ba? Na san ka tun kana yawo ba wando, yau kai ne za ka tsare min 'ya?"

Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta har ƙasa. Sannan ya ce, "Inna, wanda ya nuna wa 'yan bindiga gidan yayana ma na san shi tun yana yawo ba wando."

Gwaggo ta ja gefe ta tsaya.

Baba ne ya shigo daga masallaci, ya zauna kusa da ni a tabarmar, ba kusa da su ba. Ya ce shi ya ba ni izini, kuma shi ya manta bai ce min iyakata zaure ba. Ya ce tun zuwanta yarinyar nan ba ta tambaye shi shanu nawa gare shi ba, ba ta tambayi wa ke da ɗa a birni ba, azara take tambaya. Babban ya ce to in faɗa masa abin da na zo rubutawa. Na nuna sama da hannu, na maimaita abin da Baba ya koya min, ina yi ina haɗiye kuka. Duk suka ɗaga kai. Ɗaya daga cikinsu, mai furfura a gemu, ya ce shekara da shekaru yana shiga zauren nan bai taɓa kallon sama ba.

Babban ya sauke kai ya dube ni. Ya ce ya yarda ba aiko ni aka yi ba, don wanda aka aiko ba ya zuwa da tef yana tambayar matan gida a fili. Na fara sauke ajiyar zuciya, sai ya ce, "Wannan mujallar taku, a waya ake karanta ta?"

Na ce eh.

"To na cikin daji kina tsammanin ba su da waya? Tasu ta fi taki. Sun san muna da hanyar fita, kowane gari yana da ita. Inda take ne ba su sani ba."

Ya miƙo min wayar ya ce ba zai goge da hannunsa ba, ni zan goge. Na yi ta gogewa yana kallo, aikin da na ratso dajin nan dominsa yana tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan hotunan rufi na tsaya, na roƙe shi. Ya duba ya ce duk wanda ya kalli sama in bar shi, wanda ya kalli ƙofa ko fuskar mutum ya tafi. Kuma ba sunan gari. Baba ya ce ba sunansa shi ma. Na ce, "Baba, a aikinmu sunan magini shi ake fara rubutawa, haƙƙinka ne." Ya ce, "'Yar nan, in suka ji akwai tsohon da ke huda wa mutane katanga, wa za su fara nema?"

Da aka watse, surukar ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa ta ajiye a gabana. Ba ta kalle ni ba. Har ta juya za ta tafi sai ta ce, "Ta ƙofar nan da kika ɗauka a hoto na fitar da 'ya'yana bara." Na yi loma ɗaya don kar in raina abincinta.

Kafin la'asar muka koma cikin gari, muka kwana gidan wata ƙawar Gwaggo, da safe muka bi jerin motoci zuwa Kaduna. Ciyawar tana nan, ramukan suna nan, amma ban iya tuna komai na hanyar dawowa ba sai ƙauyukan nan da suka zama kufai. Na riƙa kallonsu ina tambayar kaina ko su ma suna da tasu hanyar, ko kuwa wani ne ya nuna ta. Umma na ganina ta san wani abu ya faru, ta ja ni ɗaki ba ta tambaya ba.

Na rubuta abin da zan iya na kai wa Anti. Ta karanta a tsaye ta ce ina zanen gidan, ina sunan gari, ina sunan magini, wannan ai rufi ne kawai yana lilo a iska. Ban yi gardama ba, na kunna mata saƙonta na ce ta saurara kamar tana riƙe da bindiga a garin da aka sha shiga. Ta saurara har ƙarshe, ta zauna, ta yi salati. Ta ce ba ta taɓa buga gini ba gari ba suna ba, ta tafi da takardun gida ba ta ce min eh ko a'a ba. Kwanakin da suka biyo baya ko abinci ba na ji.

Ta dawo min da su jajir da biro. Ta yanke hanyar, ta yanke akuyar, ta yanke 'yan sa-kai, ta yanke kukana. Ta ce mai karatu zaure ya zo gani, ba ni ba, tsorona in kai shi shafina. Shi ne na kawo muku. Abin da ya rage bai cika shafi ba, da hoto ɗaya mai kallon sama. Ta ce zai fita a fitowa ta gaba, gurbin kuma nawa ne.

Na zata ranar da na ji wannan maganar zan yi tsalle. Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne an horar da ni in ga komai a jikin gini, ba a taɓa gaya min akwai abin da za ka gani ka haɗiye ba. Gidan da nake aunawa da tef, wasu rayuwarsu ce a rataye a jikinsa. Duk mai sha'awar aikin nan, kafin ka tambayi ina ƙofa take fita, ka tambayi wa ya taɓa fita ta cikinta, da abin da ya koro shi.

Ku sa mutanen garin nan a addu'a, ko da ba ku san sunansa ba. A ƙarƙashin hoton an rubuta "aikin wani magini da mahaifinsa". A saman shafin kuma sunana ne cikakke, ni da ko tubali ɗaya ban taɓa ɗorawa ba.